Karatun lauya a UNILAG: daga ina sunan ya samo asali, kuma me ya sa 'ya'yanmu na Legas ba sa shiga?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta ƙofar masallaci nan Agege, sai wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, wanda ya haura shekara talatin yana harkar tumatir da albasa a Mile 12, ya kawo maganar 'yarsa. Yarinyar ta gama sakandare, rizalt ya yi kyau, kuma tun tana 'yar ƙarama ba ta da zance sai na zama lauya. Shi yana so ya tura ta gida, Zariya ko Kano, ita kuma ta kafe sai UNILAG, wato Jami'ar Legas da ke unguwar Akoka. Ya juyo ya ce min, "Malam, kai da kake koyarwa, wai wannan UNILAG ɗin da ake ta kururutawa gaskiya ce, ko dai cika baki ne irin na mutanen Legas?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ruwa ba ya tsami banza, amma maganar tana da tsawo." Toh a daren ban iya ba shi amsa yadda nake so ba don dare ya yi kuma shi asubar fari yake fita kasuwa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don na san ba shi kaɗai ne ke da wannan tambayar ba a cikin Hausawan Legas.

Farko dai sai an koma baya kaɗan kafin a gane. Kafin 1962 babu wani tsari a ƙasar nan da zai ɗauki yaro daga sakandare ya horar da shi har ya zama cikakken lauya a gida. Duk mai son aikin sai ya hau jirgin ruwa ya tafi Landan, ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin lauyoyin nan guda huɗu na Ingila, ya ci jarrabawarsu, su rantsar da shi, sannan ya dawo ya yi rajista a kotu. Haka Sapara Williams ya yi, wanda ake ɗauka a matsayin lauyan farko ɗan Najeriya, an rantsar da shi a Ingila tun 1879. Mu a Arewa sai 1955 muka samu namu na farko, AbdulGaniyu Folorunsho AbdulRazaq na Ilori, ku duba tazarar, shekara 76 kenan. Matsalar wannan tsarin ita ce mutum zai dawo ya haddace dokar Ingila tsaf amma bai san komai ba game da yadda ake mallakar fili a ƙasar Yarbawa, ko rabon gado a Musulunci, ko auren gargajiya, alhali waɗannan su ne shari'un da zai tarar suna jiransa. Wannan ne ya sa gwamnati ta kafa kwamiti a 1959 ƙarƙashin Antoni Janar na lokacin, wani Bature mai suna Unsworth, kwamitin ya ce a riƙa yin digirin shari'a a jami'o'in gida sannan a buɗe makaranta ɗaya da za ta koyar da aikin a aikace. Daga nan aka yi dokokin 1962, aka kafa Makarantar Horas da Lauyoyi wadda muke ce wa Lo Skul, ta fara a Janairun 1963 a titin Igbosere nan cikin Legas da ɗalibai 8 kacal.

A wannan guguwar ne aka haifi Jami'ar Legas. Majalisar tarayya ce ta kafa ta a 1962, bayan rahoton hukumar Ashby da ta duba buƙatun ƙasar na manyan makarantu. Abun lura shi ne tun asali an tsara ta ne a matsayin jami'ar birni, wadda za ta samar da ma'aikatan da babban birnin ƙasa ke buƙata, shi ya sa da tsangayoyi uku kawai ta fara, kasuwanci, shari'a, da likitanci wanda ke Idi-Araba har yau. Wato ita tsangayar shari'a ba daga baya aka liƙa ta ba, tana cikin harsashin ginin. Jami'ar Nsukka ta riga ta da shekara ɗaya don ita a 1961 ta fara koyar da shari'a, sai Ife da Zariya da suka fara a shekara ɗaya da Legas. Su huɗun nan su ne iyayen gidan karatun lauya a Najeriya, kuma duk gardamar da za ka ji lauyoyi suna yi a kan wace ce ta fi, mafi yawa a tsakanin su huɗun take yawo.

Shugaban tsangayar na farko Bature ne, Farfesa L.C.B. Gower, kuma ba ƙaramin mutum ba ne a fagensa, don a dokar kamfanoni ana lissafa shi cikin manyan malaman Ingila na zamaninsa, shi ne ma ya tsara wa Ghana dokar kamfanoninta da ta fara aiki a 1963. Ni a ganina wannan zaɓin ya bar tambari a kan tsangayar, ka ɗauko gwanin dokar kamfani ka ba shi sabuwar makaranta a garin da bankuna da kamfanoni da tashar jiragen ruwa suke, ai ka riga ka nuna mata inda za ta fuskanta. Sai dai bai daɗe ba. A 1965 rikici ya ɓarke a jami'ar lokacin da aka ƙi sabunta wa'adin shugabanta na farko Farfesa Eni Njoku aka naɗa Saburi Biobaku, magana ta koma ta ƙabilanci, Ibo da Yarbawa, ɗalibai suka yi bore, aka rufe makaranta, malamai da dama suka tafi kuma Gower na cikinsu. Ina kawo wannan ne don masu zaton makarantar lafiya lau ta taso, a'a, tana da shekara uku kacal ta kusa durƙushewa a kan irin cutar da har yanzu take damun ƙasar nan.

Wanda ya ɗaga ta bayan wannan faɗuwar, kuma wanda in ka cire sunansa daga tarihin tsangayar kamar ka cire gishiri ne daga miya, shi ne Taslim Olawale Elias. Musulmi ne haifaffen Legas, 1914 aka haife shi, ya yi digirin digirgir a Landan, ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan dokar filaye da dokokin gargajiya na Afirka a lokacin da Turawa da yawa ba su ma yarda cewa abun da muke da shi doka ba ne. Shi ne Antoni Janar na farko bayan samun 'yancin kai a 1960. A 1966 ya zama farfesa kuma shugaban tsangayar shari'a ta UNILAG, ya riƙe har 1972 da aka naɗa shi Babban Jojin Najeriya, kuma mafi yawan wannan lokacin yana haɗawa da kujerar Antoni Janar. Ka yi tunanin kana ɗalibi, mutumin da ke shugabantar tsangayarku shi ne mai ba gwamnatin tarayya shawara a kan doka, shi ne ya jagoranci babban kwamiti a taron Vienna na 1968 da 1969 inda ƙasashen duniya suka tsara dokar yarjejeniyoyi. Gwamnatin Murtala ta sauke shi a 1975, amma rabon mutum ba ya wuce shi, aka zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya da ke birnin Hague, har ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujerar. Ya rasu a 1991. Babban ɗakin karatu na Cibiyar Zurfafa Nazarin Shari'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 a cikin harabar UNILAG, sunansa aka sa masa.

Toh amma mutum ɗaya komai girmansa ba ya riƙe suna shekara 60. Abun da ya riƙe sunan, kuma shi ne zuciyar abun da nake son Baba Alhaji ya gane, wuri ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Legas ce babban birnin tarayya har zuwa Disamban 1991, Kotun Ƙoli a nan take a duk waɗannan shekarun, ma'aikatar shari'a ta tarayya a nan, Babbar Kotun Tarayya ma a nan ta fara a 1973 da sunan kotun haraji, Lo Skul ita ma a nan hedkwatarta take har 1997 da aka mayar da ita Bwari a yankin Abuja. Ko bayan gwamnati ta tattara ta koma Abuja, kuɗi bai bi ta ba, bankuna suna nan, kasuwar hannun jari tana nan, tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna nan, manyan ofisoshin lauyoyi da ke yi wa kamfanonin mai da na waya aiki suna Ikoyi da Victoria Island. Me wannan ke nufi ga ɗalibi? Yana nufin lakcaran da ya koyar da kai dokar kwangila da safe, wataƙila jiya yana kotu yana kare kwangila ta biliyoyi, misalan da zai ba ka ba daga littafi kawai ya ɗauko su ba. Yana nufin lokacin hutu ko lokacin yajin aiki za ka iya hawa mota ka je wata chamba, wato ofishin lauyoyi, ka ce a ba ka wuri ka koyi aiki, ko ɗaukar fayil ne, kana gani kana ji, kuma wanda zai buɗe maka ƙofar sau da yawa tsohon ɗalibin tsangayarku ne. Ɗalibin da ke karatu a garin da babu irin waɗannan ofisoshin zai iya fin ka ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma sai ya gama digiri sannan zai fara neman ƙofar da kai tun kana aji uku ka san maigadinta.

Na taɓa raka wani ɗalibina Akoka ya yi jarrabawar tantancewa. Daga Agege muka hau danfo zuwa Oshodi, daga nan Yaba, sannan motar cikin makaranta. Da muka shiga na zauna ina jiransa a bakin ruwa, wajen da ɗalibai ke zama shan iska, ga gadar Third Mainland can tana shimfiɗe a kan ruwa motoci na ta tsere zuwa tsibiri. 'Yan tsangayar shari'a ba sa ɓuya, farar riga da baƙin wando ko siket, kowa da ƙaton littafi a hammata, wasu biyu a kusa da ni suna ta gardama a kan wani hukuncin kotu kamar za su cinye juna, sai ga wata yarinya da baƙin hijabi ta zo ta shiga maganar ta kashe bakinsu duka. Na daɗe ina kallonsu. Na ji Yarbanci, na ji Ibo, na ji Turanci da burokin, amma tun safe har la'asar ban ji Hausa a bakin ɗalibi ko ɗaya ba, sai a bakin mai gyaran takalmi da wani mai sayar da goro da alawa a wajen get. Wallahi abun ya tsaya min a rai har yau.

In aka zo kan waɗanda tsangayar ta yaye ko suka koyar a cikinta, ba sai an yi dogon lissafi ba. Yemi Osinbajo a nan ya yi digirinsa ya gama a 1978, ya dawo ya fara koyarwa a 1981 har ya zama farfesa, fanninsa dokar shaida, ya yi kwamishinan shari'a na Legas daga 1999 zuwa 2007, sannan mataimakin shugaban ƙasa daga 2015 zuwa 2023. A lokacin da yake kwamishina ne aka buɗe ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka kyauta da cibiyar sulhunta jama'a, wuraren da 'yan uwanmu da yawa ba su ma san da su ba alhali don irinsu aka yi. Mai shari'a Kudirat Kekere-Ekun da ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2024, mace ta biyu bayan Aloma Mukhtar, 'yar UNILAG ce, 1980 ta gama. Wole Olanipekun wanda kusan duk wata babbar shari'ar zaɓe sai ka ji sunansa, shi ma nan ya yi. Farfesa Jelili Omotola gwanin dokar filaye daga wannan tsangayar ya fito ya shugabanci jami'ar gaba ɗaya daga 1995 zuwa 2000. Sannan in kana son ka san yadda tsofaffin ɗalibai ke ji da sunan makarantar, tuna 29 ga Mayun 2012 da shugaba Jonathan ya ce an canza mata suna zuwa Jami'ar Moshood Abiola, ɗalibai suka fito titi, aka garzaya kotu, kuma har yau UNILAG take amsawa.

Sai dai akwai wani ɓangare na sunan da ba a cika faɗa ba. Makarantar da kowa ke rububin shiga tana da damar zaɓen 'yan gaba-gaba, kuma in ka tara yara masu ƙoƙari a aji ɗaya, ko malamin bai yi wani abun kirki ba su da kansu za su ja juna. Hukumar kula da ilimin lauyoyi ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, don haka kujerun kaɗan ne masu nema kuma dubbai, shi ya sa makin shiga shari'a a UNILAG kullum yana cikin mafi tsauri, kafaɗa da kafaɗa da likitanci. Dole ka sa ta a zaɓin farko a JAMB, dole kiredit biyar ɗinka su kasance a zama ɗaya, sannan su haɗa makin JAMB da na jarrabawarsu da na WAEC su fitar da jimla. Kenan wani kaso na abun da muke kira ingancin makarantar, ingancin yaran da ta tace ne tun daga ƙofa. Wannan ba aibu ba ne, amma ya kamata uba ya sani, sunan ba zai zuba wa ɗanka ilimi a kai ba, sai dai ya ajiye shi a cikin waɗanda za su hana shi barci.

Kuma kar a ce na ɓoye laifinta. Jami'ar gwamnati ce, duk ciwon da ke jikin 'yan uwanta yana jikinta. Yajin aikin ASUU na 2020 ya cinye kusan wata 9, na 2022 ya cinye wata 8, karatun da a ƙa'ida shekara 5 ne sai ka ga yaro ya yi 6 ko fiye kafin ma ya tafi Lo Skul ya ƙara shekara ɗaya. Ɗakunan kwana ba sa isa, kuma haya a Akoka da Bariga da Yaba ba wasa ba ce. A 2023 an ƙara kuɗin makaranta ninki da yawa har ɗalibai suka yi zanga-zanga aka ɗan rage. Albashin malamai bai kai ya riƙe gwani ba, wasu sun tafi waje, wasu hankalinsu ya fi karkata chambarsu, wato kusancin nan da kasuwa da na yaba a sama shi ne kuma yake janye malami daga aji. Ga jami'o'in kuɗi da suka shigo suna gama wa yaro karatu a kan lokaci. A ƙarshe kuma kowa Lo Skul zai haɗu, ɗan UNILAG da ɗan Sakkwato da ɗan Maiduguri jarrabawa ɗaya za su rubuta, kuma ba a tambayar sunan jami'a kafin a ba da maki. Shahararren lauya Femi Falana a jami'ar Ife ya yi, Fashola tsohon gwamnan Legas a Benin ya yi, ba wanda ya hana su zama abun da suka zama a cikin Legas ɗin nan.

Yanzu bari in zo kan zaɓin Baba Alhaji, don shi ma yana da hujja. Tsangayar shari'a ta ABU da ke Kongo ba ƙanwar lasa ba ce, ta tsiro ne daga tsohuwar cibiyar horar da ma'aikata ta Zariya inda aka horar da alƙalan Arewa, ta yaye manyan joji irin su Mahmud Mohammed da Ibrahim Tanko Muhammad da suka shugabanci Kotun Ƙoli. Kuma ita da BUK da Ilori suna da abun da yake da tsada a wajenmu, wato digirin da ya haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci. Duk yaron da burinsa ya zama alƙalin kotun shari'a, ko ya ƙware a gado da aure da wasiyya, ko ya yi aiki a Kano ko Kaduna inda dokar laifuka ma tushenta daban da ta Kudu, ni da kaina zan ce ya tafi gida, can ne kasuwarsa. Sassan tsangayar shari'a ta UNILAG kuwa huɗu ne, dokar gwamnati da jama'a, dokar dukiya da mu'amalar mutane, dokar kasuwanci da masana'antu, sai falsafar doka da dokar ƙasa da ƙasa, kowa ya ga jerin ya san inda ƙarfinta yake.

Amma tambayar da nake yi kullum ita ce, mu da muke Legas, wasunmu kakanninsu ne suka zo Agege harkar goro, matsalolinmu a wace kotu ake kai su? Bari in ba ku abun da ya faru a gidanmu. Ƙanin matata yana da shago a wata kasuwa nan gari, kayan masarufi yake sayarwa, shekara huɗu yana biyan haya ba fashi. Wata shekara mai kula da ginin ya kawo masa takarda shafi uku ya ce sabunta yarjejeniya ce kawai, ya sa hannu, shi kuma Turancinsa na ciniki ne, ya sa. Shekara na cika aka manna masa takardar kwana bakwai a ƙofa. Ya zo wajena hankali a tashe yana cewa, "Yaya, ai an ce mai biyan shekara sai an ba shi wata shida." Gaskiya ne, dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai hayar shekara-shekara notis na wata 6 in ba a rubuta wani abu daban ba, amma ita dokar ta kuma ce in yarjejeniyar mai ƙayyadadden wa'adi ce, daga rana kaza zuwa rana kaza, da wa'adin ya cika ba a buƙatar wannan notis ɗin, kwana 7 kawai za a ba ka kafin a tafi kotu. Takardar da ya sa wa hannu ta mayar da shi daga na farko zuwa na biyu da layi ɗaya. Mun samu lauya, mutumin kirki ne kuma ya yi ƙoƙari ya samo mana ƙarin lokaci ta hanyar sulhu, amma ni ne tafinta a tsakaninsu, yaron ya yi bayani da Hausa in juya, lauya ya amsa in sake juyawa, kuma na san akwai abubuwan da suka zube a hanya. Ranar da muke kwashe buhunan shinkafa muna lodawa a mota na ce a raina, da akwai wata 'yar Agege mai ofis a nan kusa da zai iya shiga ya ce, "Hajiya duba min wannan kafin in sa hannu," da minti biyar ya isa.

Irin wannan fa kullum ne. Ranar da aka hana acaba a manyan ƙananan hukumomi a 2020 da 2022, ranar da aka ba 'yan kasuwar Alaba Rago takardar tashi, ranar da aka kama yara a samame aka kai su kotun majistare ba su san ma me ake tuhumarsu da shi ba, ko kaya suka maƙale a Apapa, ko mutum ya sayi fili ya gina sai wasu su ɓullo su ce na kakansu ne, duk wannan dokar Legas ce, kotun Legas ce, kuma lauyan da ya tashi a cikin wannan ruwan ya san alƙalai ya san magatakarda ya san abokan karatunsa da ke ma'aikatar shari'a shi ya fi iya iyo. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suna bakin ƙoƙarinsu, amma sulhu yana da iyaka, in magana ta kai takarda sai mai takarda. In duk yaranmu masu ƙoƙari muka tura su gida, da yawa can za su yi aure can za su kama aiki, mu kuma mu ci gaba da neman tafinta.

Abun da ke hana su shiga ba ƙwaƙwalwa ba ce, na koyar da su na sani. Na farko rashin shiri ne tun daga aji huɗu na sakandare, shari'a tana buƙatar kiredit a adabin Turanci kuma dole ka rubuta shi a JAMB, yaranmu da yawa sai sun zo cike fom suke jin wannan. Na biyu tsoron cewa ba za a ɗauki Bahaushe ba. Tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, wanda ga UNILAG jihohin Kudu maso Yamma ne guda 6, sai 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi, Zamfara duk suna ciki. Yaron da aka haifa a Agege amma takardar asalinsa ta Kano ce yana da ƙofa biyu kenan, ta cancanta da wannan ta ƙarshen, ba wai kyauta za a ba shi ba, sai ya ci, amma ƙofar tana nan kuma mu ne ba ma ƙwanƙwasawa.

Na uku kuma, wanda na san shi ne ainihin damuwar Baba Alhaji duk da bai faɗa a fili ba, tarbiyya da addini, musamman ga 'ya mace. Wannan damuwar ba abun rainawa ba ce. Amma a sani, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a Legas aka kafa ta a 1954, kuma shugabanta na farko Lateef Adegbite lauya ne da ya koyar da shari'a a UNILAG, daga baya ya zama sakatare janar na Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci. Akwai babban masallaci a cikin makarantar, cike yake ranar Juma'a. Kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yunin 2022 da ya tabbatar wa 'yan mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, Kekere-Ekun ce ta rubuta babban hukuncin, 'yar wannan tsangayar. Yarinyar da ke Akoka duk ƙarshen mako tana iya dawowa gida uwarta ta ga idonta, wadda ke Zariya kuwa sai hutu.

Jiya bayan magariba na karanta wa Baba Alhaji rabin wannan rubutun, ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Toh Malam, gani ya kori ji, ranar Alhamis ba na zuwa kasuwa da wuri, ka raka mu ni da ita mu je in ga wajen da idona." Na ce, "In sha Allahu Baba, amma ku ce mata ta taho da rizalt ɗinta, ina so in fara duba me ta ci a adabin Turanci."